Masu Auna Ƙarfe da Amsa-Kuwwa

A ce ga tanki cike da man fetur, shekara ashirin yana tsaye rana da damina. Daga waje fenti fari fat, ido ba shi da abin kushewa. Sai dai tsatsar da ke kashe tanki ba kasafai take nuna fuskarta a waje ba. Daga ciki take ci, wajen da ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin mai yake lasar bango dare da rana. To yaya za a san abin da ya rage a jikin bangon nan, alhali ba halin shiga ciki, ba halin hudawa, ba kuma halin tsayar da aiki a kwashe man? Ma'aunin makanikai mai baki biyu sai ya cafki ƙarfe gaba da baya kafin ya faɗi kaurinsa. A nan kuwa gefe ɗaya kaɗai hannu ke kaiwa.

A da guduma ce abin aikin. Mai duba tukunyar tururi yakan bi jikinta yana bugawa yana kasa kunne, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tulu a kasuwa kafin ta miƙa kuɗi. Inda amon ya canza, sai a huda ƙaramin rami a auna, a dawo a toshe. Yau wannan aiki ya koma hannun wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu da yawa ba, mai fuska irin ta ƙaramar wayar salula, da igiya, da wani ɗan dunƙulen kai kamar murfin kwalba a bakin igiyar. A ɗiga maiƙo a jikin ƙarfe, a dafa kan, lamba ta fito: 8.42. Wanda ya tsaya kallo sai ya ce ai wannan ko yaro ya yi. Dafawar kam yaro zai yi. Sanin ko 8.42 ɗin nan gaskiya ce, shi ne sana'ar, kuma mutane kan shekara suna koyonta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne na'urar ba ta san kauri ba sam. Lokaci take aunawa. A cikin kan nan akwai wani siririn faifai mai wani hali na ban mamaki: in an ba shi lantarki sai ya yi karkarwa, in kuma karkarwa ta taɓa shi sai ya fid da lantarki. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan hali a jikin wasu duwatsu masu ƙyalli a 1880. A 1929 wani masani na Tarayyar Sobiyat, Sergei Sokolov, ya kawo shawarar a riƙa leƙa cikin ƙarfe da sautin da kunne ba ya ji. Floyd Firestone na Jami'ar Mishigan a Amurka shi ya fito da dabarar aika ɗan gajeren bugu a jira dawowarsa, ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1940, aka ba shi a 1942. Bayan yaƙin duniya na biyu 'yan'uwan juna masu suna Krautkrämer a birnin Kolon na Jamus suka mai da abin kayan aikin masana'anta. Asalinsa ɗaya da na'urar da ake duba cikin mai juna biyu a asibiti, har maiƙon da ake shafawa ma dalilinsa ɗaya ne.

Kunnen mutum ba ya wuce karkarwa 20,000 a daƙiƙa. Kan awo da aka fi amfani da shi yana yin miliyan 5. Bugun yakan ratsa ƙarfen, ya ci karo da bangon baya inda ƙarfe ya ƙare, ya dawo amsa-kuwwa. A cikin ƙarfen da ake bututu da shi sauti yana gudun kusan mita 5,920 a daƙiƙa guda, inda a iska bai fi mita 343 ba, a ruwa kuma wajen 1,480. Ke nan in bango yana da kaurin milimita 10, zuwa da dawowa milimita 20 ne, kuma bugun zai gama tafiyar cikin kashi uku da ɗan ɗoriya cikin miliyan na daƙiƙa. Na'urar ta ɗauki wannan lokaci, ta ninka da gudun da aka shaida mata, ta raba biyu, ta rubuta a fuskarta. Iyakar wayonta ke nan. In ka gaya mata gudun da ba shi ba, za ta yi lissafinta daidai wa daida, ta ba ka amsar da ba ita ba, ko a jikinta.

Gwada ka gani. Na'ura tana kan gudun baƙin ƙarfe, ka ɗora ta a kan farantin alminiyam mai milimita 10, wanda sauti ke ratsawa da gudun kusan mita 6,320. Za ta ce maka 9.4 ko kusa da haka. Juya abin: wani ya yi aikin alminiyam jiya, ya manta bai mayar ba, kai kuma yau ka dafa bututun ƙarfe mai milimita 10. Za ta ce 10.7. Ta yi maka kyautar ƙarfen da babu shi. Ƙarfen zubi kuwa ya fi kowa rigima, don gudun sauti a cikinsa yakan bambanta ƙwarai daga wannan zubi zuwa wancan, ba a amincewa da lambar littafi, sai an sami wani gefe na jikinsa da aka san kaurinsa an daidaita a kai.

Shi ya sa gwani ba ya fara aiki a jikin bututu. A kan wani ɗan guntun ƙarfe yake farawa, wanda aka yanka hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da kaurinsa a rubuce: a ce 2.5, 5, 7.5, 10, 12.5. Da farko sai ya saita sifili. Tsakanin faifan nan da fatar ƙarfe akwai ɗan tazara a cikin kan kansa, kuma sauti na ɓata lokaci a wurin. Dole a cire wannan lokaci daga lissafi, kuma yana canzawa in kan ya lashe da goga, ko ya ɗau zafi. Daga nan ya dafa hawa mai kauri ya daidaita gudu, ya dafa siriri ya daidaita sifili, ya zaɓi hawa biyun da suka sa kaurin da yake tsammani a tsakiya. Sai ya dafa wani hawa na uku da bai taɓa ba, ya ga ko za ta faɗi gaskiya da kanta. Aikin minti biyu ne, amma duk lambar da za a rubuta ranar a kansa ta dogara.

Ina son kallon hannun wanda ya iya. Ya zo wurin da aka yi wa da'ira da alli. Ya sa burushin waya ya kankare ɓawon tsatsa da fentin da ya ɗago, don ko yaya iska ta maƙale a ƙarƙashin ɓawo, sauti ba zai ƙetare ta ba. Kusan dukkansa zai koma inda ya fito. Maiƙon ma aikinsa ke nan, korar iska daga tsakanin kai da ƙarfe. Gilisirin ne, ko jel, ko man inji, ko giris in jikin yana da kaushi ko wurin yana kallon ƙasa. Ɗigo ɗaya ya isa. Sabon shiga ne ke laftawa, sai kan ya riƙa iyo a kan maiƙo lambar tana rawa. Gwani ya riƙe kan tsakanin babban yatsa da manuni, sauran yatsun ya kafa su a jikin bututu don kada hannu ya yi rawa, ya danna daidai misali, ya ɗan murza kaɗan har ya ji ya zauna. Ba ya jan sa a kan kaushi kamar mai goge tukunya, don fuskar kan tana lashewa, kuma kai ɗaya mai kyau ba arha ba ne.

In ka juya kan da ake aikin tsatsa da shi ka duba fuskarsa, za ka ga an raba ta biyu da wani siririn layi. Rabi ɗaya ke aikawa, ɗayan ke saurare, layin kuma katanga ce da ke hana su jin juna kai tsaye. A kan ƙaramin bututu, wannan layi ake gicciyewa, ya ratsa tsawon bututun maimakon ya bi shi. Ƙaramin abu ne, amma da shi ake gane wanda aka koya wa da wanda ya tsinci na'ura. Sau da yawa za ka ji maigida ya ce wa yaronsa, "Juya kan nan, ka sake. Wadda ta fi ƙanƙanta ita za ka rubuta."

Fuskar na'urar kuwa, lambar tsakiya ce babba, ita ke jan ido, amma ba ita gwani ke fara dubawa ba. A gefe akwai wata 'yar alama, a wasu na'urori sanduna ne a jere, da ke nuna ko kan ya kama ƙarfen sosai. In sandunan sun cika sun tsaya cik, amsa-kuwwar tana dawowa da ƙarfi. In suna hawa da sauka, lambar ba abin rubutawa ba ce tukuna. In babu abin da ya dawo, wasu kan rubuta LOS, wasu su bar layi-layi kawai. Akwai tarko a nan: na'urori da yawa kan riƙe lambar ƙarshe a fuska bayan an ɗaga kai. Mai gaggawa ya dafa sabon wuri, kan bai kama ba, ya ga lamba, ya rubuta, ashe ta wurin baya ce. Sai kuma 'yan haruffan da ke bayan lambar, milimita ne ko inci, 0.500 na inci shi ne 12.7 na milimita, kuma duk wanda ya yi aiki da takardun Amurka da na Turai a wuri guda ya san yadda ake ruɗewa. A wata kusurwa gudun sauti yake, a wata alamar batir. Akwai kuma madannin MIN, wanda in an kunna, mutum zai riƙa zamar da kai a hankali a kan wuri, na'urar tana karantawa da sauri tana riƙe mafi ƙanƙantar lamba da ta gani. Wannan shi ne abokin mai farautar ramin tsatsa.

Kada lamba biyun da ke bayan ɗigo su ruɗe ka. Na'urar ta iya rubuta 8.42, amma a jikin bututun da ya sha tsatsa, in aka dace da gaskiya har kashi ɗaya cikin goma na milimita, an gode Allah. Mai rubuta 8.42 bara da 8.40 bana ya ce ya gano tsatsa, bai gano komai ba.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro a wannan aiki, kuma shi ya sa nake girmama masu yinsa da gaske: yawancin kurakuran na'urar nan masu daɗin ji ne. Ƙari suke yi, ba ragi ba. Ɗauki fenti. Sauti na tafiyar hawainiya a cikin fenti, bai kai rabin gudunsa a ƙarfe ba. Na'urar kuwa ba ta san fenti ba, duk lokacin da ya wuce lissafin ƙarfe take yi masa. Fenti mai kaurin rabin milimita sai ya fito kamar ƙarfe milimita ɗaya da wani abu. Bangon da ya rage 6 sai ya nuna sama da 7, kowa ya koma gida da murna. Maganinsa ko dai a kankare fentin, wanda masu tanki ba sa so don sai an sake shafawa, ko a koma salon awo tsakanin amsa-kuwwa biyu. Bugun ba sau ɗaya yake dawowa ba. Yana ta kai-komo tsakanin fuska biyun ƙarfen har ya mutu. In aka auna tazarar dawowa ta farko da ta biyu, fenti ya fita daga lissafi, don wannan zagayen a cikin ƙarfe zalla aka yi shi. Dabara ce mai kyau, sai dai tana son bangon baya mai ɗan santsi. Inda tsatsa ta yi kaca-kaca, dawowa ta biyun ba ta samuwa.

Zafi ma ƙari yake yi. Ƙarfe in ya yi zafi, sauti na rage gudu a cikinsa, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowane digiri 55. Wanda ya saita na'urarsa a inuwa, ya je ya dafa bututun da ke digiri 300, zai ga bangon milimita 10 ya koma kusan 10.5, sai ya rage da hannunsa. Kan yau da kullum ma ba ya jure abin da ya wuce digiri 50 da kaɗan. Akwai na musamman da maiƙo na musamman, kuma da su ma taɓa-ka-ɗaga ake yi, daƙiƙa kaɗan, a bar shi ya huce, a sake saita sifili. Sai kuma ninki: in bango ya yi siriri fiye da abin da kan zai iya gani, na'urar kan tsallake dawowar farko ta kama ta biyu, bangon da ya rage milimita 0.8 ya nuna 1.6. Wato daidai lokacin da bututu ya fi kusa da fashewa, a lokacin ne na'urar ta fi iya yi maka ƙarya mai sanyaya rai.

Wanda ke yin ragi shi ne ɓoyayyen rabuwa a tsakiyar faranti, irin wadda ake samu tun daga masana'anta wajen murza ƙarfe. Sauti ya iske ta a rabin hanya ya juyo, faranti mai 12 ya nuna 6. A nan ne ake sanin amfanin na'ura mai nuna zanen amsa-kuwwa, ba lamba kaɗai ba. A fuskarta akwai layi kwance, daga hagu zuwa dama zurfi ne, tsayin kowane tsini kuma ƙarfin abin da ya dawo. Bango mai lafiya tsini ɗaya yake bayarwa, dogo, siriri, sai 'yan'uwansa a bayansa a tazara ɗaya, kowanne ya fi na gabansa gajarta. Bangon da tsatsa ta ci, tsininsa gajere ne, mai faɗi, mai haƙora, kuma in kana zamar da kai za ka ga yana matsowa hagu a hankali, ya koma. Rabuwar tsakiya kuwa tsalle take yi: nan 12, gaba kaɗan 6 cif, da tsini mai tsabta kamar na sabon ƙarfe. Tsatsa ba ta yin aiki da tsabta haka. Mai karanta zane ya gane wannan cikin ƙiftawar ido, mai lamba kaɗai kuwa sai ya sa a yanke faranti.

A kan zanen akwai wata 'yar sanda kwance da ake iya matsarwa. Ita ce ƙofa: tsinin da ya fara taɓa ta shi na'urar ke aunawa. Akwai kuma madannin ƙara jin kunne. In aka ƙara da yawa, hayaniyar ƙwayoyin ƙarfen kanta sai ta taso ta taɓa ƙofa, a sami lamba ƙarama ta ƙarya. In aka rage da yawa, raunanniyar amsar da ke fitowa daga gindin rami ta wuce ta ƙasa ba a ji ta ba, a kama bangon da ke gefensa mai kauri. Tsakanin waɗannan biyun babu lambar da littafi zai ba ka. Ido ne da sabo.

Duk da haka, a ganina babban ilimin ba a fuskar na'ura yake ba. Kan nan wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba yake gani, bututun matatar mai kuwa kilomita ne bisa kilomita. Ina za a dafa? Gwani ya san inda ƙarfe ke mutuwa: bayan gwiwar bututu inda ruwa ke dukan bango in zai sha kwana, gaban duk wani abu da ke matse hanya ya sa ruwa ya hautsine, ƙasan bututun da ke kwance inda ruwa da laka ke taruwa, reshen da aka toshe ba a amfani da shi, da daidai layin da ruwa ke haɗuwa da iska a tanki. Ko tankin iskar mai faci a bakin titi wannan doka ce ke kansa: iskar da ake matsawa tana zubar da raɓa, raɓar ta taru a gindi, in ba a buɗe ƙasa ana tsiyayewa ba, daga nan zai ci har ya ɓule. Matatar Kaduna da ta Damagaram, da manyan rumbunan mai, da tankokin da ke bin hanya, duk ƙarfe ɗaya ne da ciwo ɗaya.

Abin da ya faru a tashar lantarki ta nukiliya ta Mihama a Japan ranar 9 ga Agusta, 2004, ya isa misali. Wani babban bututun ruwan zafi ya fashe a rukuni na uku, ruwa da tururi suka rufe ma'aikata, biyar suka rasu, shida suka jikkata. Bangonsa milimita 10 ne tun asali. Inda ya fi lalacewa an tarar saura 0.4. Wurin yana gaban wani faranti mai rami da ke auna gudun ruwa, irin wurin da duk mai wannan sana'a ya san ana sa wa ido. Amma ya kuɓuce daga jerin wuraren awo, tun da rukunin ya fara aiki a 1976 ba a taɓa dafa shi ba. Na'urori kuwa ga su nan a tashar.

Na matatar Chevron da ke Richmond a jihar Kalifoniya ya fi wannan dabara. Ranar 6 ga Agusta, 2012, bututu ya fashe, wuta ta tashi, hayaƙin ya sa mutanen yankin kusan 15,000 suka nemi magani. A nan ana awo, shekara da shekaru, kuma lambobin ba ƙarya ba ne. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa farar wutar da ke cikin mai mai zafi tana cin ƙarfen da ke da ƙarancin silikon da sauri fiye da sauran. Wuraren da ake dafawa suna kan sassan da ke da isasshen silikon, masu lalacewa a hankali. Guntun da ya fashe, wanda ya rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurinsa, yana cikin layin nan ɗaya, ido ba ya bambanta shi da maƙwabtansa.

Lamba ɗaya kuma ba ta cika faɗin komai ba sai an ajiye ta kusa da ta baya. Shi ya sa ake yi wa kowane wuri suna da alama, a dawo daidai nan bayan shekaru. A ce shekara biyar da suka wuce an sami 9.5, yau 8.5: ana asarar 0.2 ke nan duk shekara. In injiniya ya ce bangon ba zai ɗauki matsin ba in ya gaza 6.5, saura shekara goma. Ƙa'idojin Cibiyar Man Fetur ta Amurka, irin su API 570 na bututu da API 510 na tukwanen matsi, ba sa barin a jira goman. Kada awo na gaba ya wuce rabin abin da ya rage. Dubi yadda kuskuren fenti na milimita ɗaya zai yi wa wannan lissafi: ya shafe asarar shekara biyar ɗungurungum, takarda ta nuna bututu bai tsufa ba ko kaɗan.

Saboda haka ba a barin kowa ya sa hannu a takardar. Akwai matakai uku na shaidar ƙwarewa a tsarin ISO 9712 da kuma na ƙungiyar ASNT ta Amurka: na farko yana awo bisa umarnin da aka rubuta masa, na biyu yana saita na'ura ya fassara abin da ya gani, na uku shi ke tsara hanyar aikin. Ana jarrabawar takarda da ta hannu, ana lissafa sa'o'in da mutum ya yi a fili, har idonsa ake gwadawa lokaci-lokaci. Na'urar kanta yanzu ta yi araha, ana samun ƙanana masu lamba kaɗai a kasuwar intanet, kuma a kan faranti mai santsi marar fenti suna aikinsu lafiya lau. A jikin tsohon bututu ne ake gane bambancinsu da irin su 38DL PLUS na Olympus, da kuma bambancin hannun da ke riƙe da su.

In an gama zagaye, kafin a naɗe igiya, gwani kan koma kan matakalar ƙarfen nan ya sake dafawa. In hawan 10 ya nuna 10, takardar ranar ta tsaya. In ya nuna 10.3, to wani abu ya goce a hanya, ko kan ya lashe, ko zafi ya taɓa shi, ko igiya ta fara tsinkewa daga ciki, kuma ba wanda ya san a wuri na nawa abin ya fara. Duk lambar da aka rubuta tun gwajin ƙarshe ta zama abin zargi. Sai ya goge hannu, ya sake saiti, ya ce wa yaro ya ɗauko tsani a koma sama.